KABURBURAN SOJANMU NA ƘASAR BAMA DA LITTAFIN SUNAYENSU

Duk yaron da ya tashi a Kaduna ya ji ana faɗin barikin Dalet da barikin Kalapanzin. Na Zariya kuwa sun san barikin Chindit, inda ake horon kuratan soja. In an gangara kudu akwai Letmauk a Badun, da Myohaung da Arakan a Ikko. Sunayen nan ba Hausa ba ne, ba Yarbanci ba, ba kuwa Turanci ba. Sunayen garuruwa ne da koguna da yankuna na ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar tun 1989, ban da Chindit, wanda yake sunan wata runduna ce da ta yi yaƙi a can. A waɗannan wurare ne sojan Nijeriya suka kara da mutanen Japan cikin 1944 da 1945. Waɗanda Allah Ya yi wa sauran kwana sun komo gida, sun zo da sunayen, aka laƙa wa barikoki. To, waɗanda kwanansu ya ƙare a can fa, ina suke kwance? Wa ya rufe su, wa ya rubuta sunansu, ina kuma aka ajiye takardar? Abin da nake so mu duba ke nan, ya ku 'yan makaranta. Amsar tana da daɗi ta wani gefe, ta wani gefen tana da ɗaci, kuma akwai aikin da ta bar muku.

YADDA AKA FARA ƘIDAYAR KABURBURA

A zamanin da, in an yi yaƙi a ƙasashen Turai, sarakunan yaƙi da manyan hafsoshi kaɗai ake yi wa kabari na sosai. Ƙananan dakaru kuwa, rami ɗaya ake haƙawa a zuba su, a mai da ƙasa, a wuce. Ba a sake wannan hali ba sai a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka fara a 1914.

Mutumin da ya jawo sakewar sunansa Fabian Ware, Baturen Ingila. Da fari malamin makaranta ne, daga baya ya zama editan wata jarida a London. Da yaƙi ya ɓarke yana da shekara 45, aka ce ya tsufa da shiga soja, sai ya tafi Faransa cikin watan Satumba 1914 yana shugabancin wani ayarin motocin ɗaukar masu rauni na ƙungiyar agaji ta Red Cross. Can ya ga yadda soja ke rufe 'yan uwansu cikin gaggawa a gefen hanya ko cikin gonaki, su kafa ɗan itace, su rubuta suna da fensir. In an yi ruwa rubutun ya goge, in an buga igwa itacen ya tashi, shi ke nan kabari ya ɓace. Sai shi da mutanensa suka shiga rubuta kowane kabari da suka gani, da sunan mai shi, da wurin da yake. A 1915 hukumar soja ta karɓi aikin ya zama nata, ta bar shi a hannunsa. Kafin watan Mayu 1916 sun rubuta kabari 50,000.

Ran 21 ga Mayu 1917 Sarkin Ingila ya ba da takardar izni, aka kafa Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Daular Ingila. A 1960 aka sake mata suna, aka ce ta ƙasashen Kwamanwel. Ƙasashe shida ke biyan kuɗin aikinta: Ingila, da Kanada, da Ostireliya, da New Zealand, da Afirka ta Kudu, da Indiya. Tana riƙe da sunayen mutum wajen miliyan 1 da dubu 700 waɗanda suka mutu a yaƙoƙin duniya biyu, a wurare 23,000, cikin ƙasashe fiye da 150.

Tun farko Hukumar ta ɗauki alkawari huɗu. Na ɗaya, kowane mamaci za a rubuta sunansa, ko bisa kabarinsa, ko bisa bangon tunawa in ba a sami gawarsa ba. Na biyu, abin da aka kafa zai dawwama. Na uku, duwatsun kaburbura za su zama iri ɗaya. Na huɗu, ba za a bambanta janar da farabiti ba, ko mai kuɗi da talaka, ko wani jinsi da wani, ko wani addini da wani. Har wa yau aka yanke cewa ba za a mai da gawar kowa gida ba, domin in an yarda, masu hali kaɗai za su iya ɗauko nasu, 'ya'yan talakawa a bar su. Saboda haka kowa ya kwanta a ƙasar da ya faɗi, kusa da abokan yaƙinsa. A Turai an cika wannan alkawari sosai. A wani gini guda da ke Thiepval, cikin Faransa, an sassaƙa sunayen mutum fiye da 72,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba.

ALKAWARI KAYA NE

A wannan yaƙi na ɗaya mutanenmu ma sun ba da jininsu. Harsashi na farko da wani sojan Sarkin Ingila ya harba cikin yaƙin duka, wani sojan Gwalkwas ne, watau Gana ta yanzu, mai suna Alhaji Grunshi, ya harba shi a ƙasar Togo cikin watan Agusta 1914. A ƙarshen wannan wata sojan Nijeriya suka tashi daga Yola suka faɗa wa Jamusawa a Garwa, aka kore su da hasara mai yawa, har kwamandansu Maclear ya mutu. Ba a ci Garwa ba sai watan Yuni 1915. Jamusawan da suka hau dutsen Mora kuwa ba su ba da kai ba sai Fabrairu 1916. Da aka gama da Kamaru, sai aka ɗebi bataliyoyin Nijeriya a jirgin ruwa aka kai su Afirka ta Gabas, ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu. Sun sha yunwa a bakin kogin Rufiji da daminar 1917, sa'an nan cikin watan Oktoba suka yi wani mugun karo da Jamusawa a Mahiwa, inda da yawa suka kwanta dama. Bayan masu bindiga kuma akwai dubban 'yan alaro masu ɗaukar kaya a ka, waɗanda cuta da yunwa suka fi kashewa bisa ga harsashi.

To, ina sunayen waɗannan? A nan ne alkawari ya karye. A Nairobi da Mombasa da Darussalam an kafa gumakan soja don tunawa da 'yan Afirka, amma ba a sa sunan kowa ba. Kaburbura da yawa na baƙar fata an bar su daji ya cinye, alhali na Turawan da suka mutu rana ɗaya da su an tattara an gyara. A 1923 Gwamnan Gwalkwas, Guggisberg, ya gaya wa wakilin Hukumar cewa a ganinsa talakan ƙasar ba zai fahimci amfanin dutsen kabari ba, ba kuwa zai ga darajarsa ba.

Wannan magana ta zauna cikin takardu shekara da shekaru, sai da wata shaihiyar malama mai suna Michèle Barrett ta tono ta. A 2019 aka nuna binciken nata a talabijin a Ingila, Hukumar ta kafa kwamiti. Rahoton kwamitin ya fito cikin watan Afrilu 2021. Ya ce mutum tsakanin 45,000 da 54,000, yawancinsu 'yan Indiya da 'yan Afirka, ba a tuna da su daidai da yadda aka tuna da Turawa ba. Ya ce kuma aƙalla mutum 116,000, watakila ma har 350,000, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, ko kuwa ba a tuna da su sam. Ya faɗa a fili cewa rainin launin fata na cikin abin da ya kawo haka. Ran 22 ga Afrilu 2021 Ministan Tsaron Ingila, Ben Wallace, ya tashi a Majalisa ya nemi gafara. Tun daga nan Hukumar ke bin tsofaffin takardu a ƙasashen Afirka tana neman sunaye. Cikin watan Janairu 2025 aka buɗe wani wurin tunawa a Cape Town mai sunayen leburorin yaƙi fiye da 1,700 waɗanda da ba a rubuta su ba.

Wani cikinku zai ce, ashe Gwamna bai yi gaskiya ba? Ai mu a ƙasar Hausa ba mu rubuta suna a kabari. Tudun ƙasa ne da 'yan itatuwa da fasassun tukwane, bayan 'yan damuna kuma ya baje. Haka ne, amma ku duba abin da ke tare da wannan al'ada. Wanda ya rasu a gida, 'yan uwansa suka yi masa wanka, jama'ar gari suka yi masa salla, aka yi zaman makoki, aka yi sadaka, matarsa ta yi takaba, aka raba gado, in an haifi jika aka mai da sunansa. Kabarinsa bai bukaci rubutu ba, domin gari duka na riƙe da sunansa. Wanda ya mutu a bakin Rufiji bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sau da yawa ma ba wanda ya kawo labari gida, uwa ta yi ta duban hanya, mata ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Irin wannan mamaci, rubutaccen suna shi ne kaɗai abin da zai tsaya masa a madadin gari. Waɗanda suka ɗauke shi daga gari kuwa, su ne wannan haƙƙi ya hau kansu.

TAFIYA BAMA

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, an fara kai sojan Nijeriya Afirka ta Gabas don su yaƙi Italiya. Su ne suka shiga Mogadishu cikin watan Fabrairu 1941, suka bi abokan gaba har cikin ƙasar Habasha. Sa'an nan a 1942 Japan ta ci Bama, ta tsaya a ƙofar Indiya. Sai manyan Ingila suka yi shawarar kai sojan Afirka ta Yamma, wai don sun saba da zafi da kurmi, ko da yake da yawa cikinsu 'yan ƙasar fili ne, ba su taɓa ganin kurmi ba.

A 1943 aka kafa runduna biyu, ta 81 da ta 82, da mutanen Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Tambarin ta 81 gizo-gizo ne baƙi, domin Anansi na tatsuniyoyin mutanen Asante, wanda yake kamar Gizo a wurinmu, mai cin manyan dawa da dabara. Tambarin ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. Ba banza aka sa gammo ba, gama cikin rundunonin nan akwai dubban soja waɗanda aikinsu ɗaukar kaya ne a ka, su bi da harsashi da abinci ta inda mota ba ta bi, alfadari ma ya kasa. Jimlar mutanen Afirka ta Yamma da aka kai wajen 90,000 ne, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin addinin kakanni.

Runduna ta 81, ƙarƙashin Janar Woolner, ta shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan tun farkon 1944. Da adda da gatari da shebur suka sare hanyar jif cikin duwatsu, mai tsawon mil wajen 75. Abincinsu da harsashinsu kuwa daga sama jirage ke jefo musu da laima. Bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su aka haɗa da rundunar Chindit ta Janar Wingate, wadda ta samo sunanta daga wani gunki mai kama da zaki da ke gadin ƙofar ɗakunan ibada na mutanen Bama. Su a jirgin sama aka kai su, aka sauke su can bayan sansanin abokan gaba, don su datse hanyar jirgin ƙasa. Runduna ta 82 ta bi kwarin Kalapanzin cikin watan Disamba 1944. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan, wanda ake kira Mrauk U yanzu. Daga nan ta 82 ta yi kudu, ta Tamandu da Dalet da Letmauk, har damina ta sauka. Japan ta ba da kai cikin watan Agusta 1945, amma waɗansu sojanmu ba su ga gida ba sai 1946.

Sai kun san irin ƙasar nan kafin ku gane abin da ya sa kaburbura suka ɓace. Duwatsu ne masu tsayi a jere, da kurmin gora mai duhu, da rafuka marasa iyaka. Da damina ruwa yakan yi kwana da kwanaki yana zuba. Zazzaɓin cizon sauro da atuni sun kwantar da mutane fiye da bindiga. In soja ya faɗi ana cikin tafiya, abokansa sukan tona rami da sauri, su nannaɗe shi da bargo, su rufe, su kafa gora, hafsa ya sa alama a taswira. Bayan damina ɗaya gara ta ci goran, ciyawa ta rufe wurin, ko rafi ya cika ya share shi. Wanda ya nutse a kogi, ko aka yi wa kwanton ɓauna aka kasa komawa ɗaukarsa, ko wannan ma bai samu ba.

Ga misali guda. Wani saurayi Bayarabe daga ƙasar Owo, Isaac Fadoyebo, ma'aikacin asibitin soja, yana cikin ayarin da Japanawa suka auka wa a bakin Kaladan cikin watan Maris 1944. Aka kashe waɗansu, shi kuwa aka harbe shi a ƙafa aka bar shi. Wani manomi Musulmi na ƙauyen ya ɓoye shi, shi da wani sojan Saliyo, yana ciyar da su wata tara, alhali ya san in an gane kashe shi za a yi. A gida an riga an fid da rai da shi. Shi ya rayu ya komo, ya rubuta labarinsa, ya rasu a 2012. Da bai komo ba, da abin da zai rage nasa layi ɗaya ne cikin rajista.

INDA SUKE KWANCE

Da yaƙi ya ƙare, ma'aikatan kaburbura na soja suka shiga tattara gawawwaki daga daji da gefen hanyoyi zuwa manyan maƙabartu. Amma Bama ta sami mulkin kai a watan Janairu 1948, ƙasar kuma ta rikice da tawaye, aikin ya yi jinkiri, kaburbura da yawa suka ɓace kafin a kai gare su. A 1951 aka fara wata babbar maƙabarta a Taukkyan, 'yar tafiya kaɗan arewa da birnin Rangun, wanda ake kira Yangon yanzu. Aka kwaso kaburburan maƙabartu huɗu na fagen fama, watau Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw, domin kula da su a inda suke ya gagara. Akyab tana bakin tekun Arakan, Sahmaw kuwa tana arewa, wajen da 'yan Chindit suka yi yaƙi. A Taukkyan akwai kaburburan sojan yaƙi na biyu 6,374. Daga cikinsu 867 ba a san ko su wane ne ba. Kowane kabari yana da ɗan allon tagulla bisa gajeren dakali, da furanni tsakaninsa da na kusa.

A tsakiyar maƙabartar akwai dogayen rumfuna biyu na ginshiƙai, da wani zagayayyen gini da ya haɗa su. Wannan shi ne Ginin Tunawa na Rangun, wanda Janar Festing ya buɗe ran 9 ga Fabrairu 1958. Jikin ginshiƙan an sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. Ku auna da kanku: marasa kabari sun ninka masu kabari sau huɗu. Mafi yawansu sojan Indiya ne, sa'an nan Ingilishi, da mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas. A wannan karo an fi kyautatawa bisa ga yaƙi na ɗaya, gama an sa sunayen 'yan Afirka a gini ɗaya da na Turawa, kowa ƙarƙashin rundunarsa. Sai dai kalmomin girmamawa da ke jikin zagayayyen ginin an rubuta su da Turanci, da harshen Bama, da rubutun Indiya iri uku. Babu harshen Afirka ko ɗaya, ko da Hausa, wadda ta daɗe ita ce harshen bariki a rundunar Nijeriya.

Waɗanda aka ɗauko da rauni ko da cuta suka rasu a asibitocin baya, suna kwance a ƙasar da a lokacin Indiya ce, amma tun 1971 ake kiranta Bangaladesh. A maƙabartar Chittagong akwai kabari fiye da 700, wajen 90 na mutanen Afirka ta Yamma ne. A Maynamati, kusa da garin Comilla, akwai wata mai kusan wannan girma, ita ma da namu a ciki.

LITTAFIN DA KE BUƊE GA KOWA

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Amma wace ƙafa ce za ta kai talakan Gumel ko na Biu Rangun? Tun da can tafiyar ta fi ƙarfin aljihu, tun juyin mulkin soja na 2021 kuma Myanmar ta faɗa cikin yaƙin basasa, har da yankin Arakan, wanda ake kira Rakhine yanzu. Da, rajistar mamatan littattafai ce bugaggu, ana ajiye su a ofishin Hukumar a Ingila da cikin wani ɗan akwati a ƙofar maƙabarta. Watau wanda bai iya zuwa kabarin ba, bai iya ganin littafin ba. A 1998 Hukumar ta sa rajistar duka a intanet, kyauta. Tun daga 2014 kuma ta fara sa hotunan takardun asali, waɗanda ke nuna inda aka fara rufe mutum da inda aka mai da shi. Yanzu mai waya a hannu yana iya duba abin da da sai mai kuɗin jirgi.

Ga abin da ake samu a layin kowane mamaci: sunansa, da muƙaminsa, da lambarsa ta soja, da bataliyarsa, da ranar da ya rasu, da maƙabartar da yake, har da sashe da layi da lambar kabari. In ba shi da kabari, a faɗi fuskar ginshiƙin da sunansa yake. Daga ƙarshe akwai wurin da ake sa sunan iyaye da na mata da na gari. A wurin Turawa wannan wuri yakan cika. A wurin namu, wani an rubuta, da yawa kuwa fili ne fari.

Nan wahalar take. Bahaushe in ya shiga soja, akawu yakan rubuta sunansa na yanka, ya ɗora masa sunan gari ko na ƙabila a madadin sunan uba. Saboda haka sai a sami mutum goma masu suna ɗaya da gari ɗaya. Garin ma sau da yawa babban birnin lardi ne, ba ƙauyen da aka haife shi ba. Ga kuma rubutun akawu, wanda yake rubuta abin da kunnensa ya ji: Muhammadu ya koma Momadu ko Mama, Audu ya koma Awudu, Alhasan ya koma Alasan. Waɗansu kuma da gangan suka ba da wani suna, don sun gudo daga gida ba da yardar iyaye ba. Abin da ba ya ruɗewa shi ne lamba. Ta sojan Nijeriya a yaƙi na biyu tana farawa da NA, ta Gwalkwas da GC, ta Saliyo da SL. Ku sani kuma rajistar nan ta waɗanda suka rasu ce kawai, daga 4 ga Agusta 1914 zuwa 31 ga Agusta 1921, da kuma daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Wanda ya komo ya tsufa a gida ba ya ciki. Wanda ya yi wa Faransa soja daga Damagaram ko Maraɗi shi ma ba ya ciki, gama Faransa na da tata rajista dabam.

AIKIN DA YA RAGE MUKU

Kun ga ke nan sunan sojan nan ya rabu biyu. Rabi yana cikin rajista: lamba, da rana, da wuri. Rabi yana gida: ɗan wane ne, jikan wane, na wace unguwa, wace ce matarsa, mene ne laƙabinsa. Rajista ta san ranar da ya mutu, ba ta san uwarsa ba. Gida ya san uwarsa, bai san inda ya kwanta ba. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Rabin da ke cikin rajista yana da masu tsaronsa, da kuɗi, da ofis. Rabin da ke gida a bakin tsofaffi yake, ba a rubuce ba. An fi shekara 80 da gama yaƙin Bama. Waɗanda suka je kusan duk sun shuɗe, 'ya'yan da suka bari a goye su ne tsofaffin yau. Duk tsohuwar da aka kai makwanci ba a tambaye ta ba, ta tafi da rabin sunan wani.

Saboda haka, in an yi hutu kun koma gida, ku durƙusa gaban kakanninku ku tambaya ko akwai wanda ya tafi soja zamanin Hitila ko zamanin Jamus bai komo ba. Matambayi ba ya ɓata. Ku rubuta sunansa da na ubansa, da laƙabinsa, da garin da ya shiga soja, da shekarar, ko da ta lissafin sarauta ce ko ta wata yunwa. Ku roƙa a buɗe muku tsohuwar adaka, ko a sami wasiƙa, ko hoto, ko lambar yabo, ko takardar da ta zo daga bariki, gama lambar soja na iya kasancewa a jiki. Ku je wurin mai unguwa da liman ko fasto, da ofishin tsofaffin soja in akwai kusa. Sa'an nan ku kawo wa malaminku ku duba tare, ku gwada sunan ta kowace irin hanya da akawu zai iya rubuta shi. In lamba ta dace, kun samu. In suna kaɗai ya dace, kada ku yi gaggawar kai albishir, domin ɗora wa gida kabarin da ba nasu ba zalunci ne ga gida biyu. In kun tabbata mutum ya mutu cikin soja amma ba ya cikin rajista, Hukumar tana karɓar shaida, tana kuma ƙara suna in shaidar ta tsaya.

Wanda ya samu, ya kwafe layin da kyakkyawan rubutu, ya juya shi da Hausa, ya karanta wa tsofaffin gida, ya nuna musu wurin a taswira. Makaranta kuma ta ajiye littafi guda na sojan garin, a riƙa karanta sunayen ran 15 ga Janairu, ranar da Nijeriya ke tunawa da mazan jiya. Yin haka ba yabon yaƙi ba ne, ba kuwa yabon waɗanda suka kai su ba. Waɗansu sun tafi da son ransu, waɗansu talauci ya kora su, waɗansu hakimi ne ya nuna su da yatsa. Ko ta yaya suka tafi, 'ya'yan wasu ne, kuma ba a yi musu zaman makoki da gawa a gaba ba. Abin da ya rage a yi musu shi ne a san inda suke, a kira sunansu daidai, a yi musu addu'a.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na gida da na nesa. Mu kuma Ya sa mu cika da kyau, amin.